Hujin Diddigen Matar Ƙarfe

Ni na ƙera matar ƙarfen da ke tsaye a tsakiyar gadar masu ƙafa, ta miƙa hannu a buɗe kamar mai marhaba. Cikinta fanko ne. Wanda ya koya mini walda ya sha gargaɗina: duk abin da ka ƙera mai fanko, bar masa huji, don mai shiga ya samu hanyar fita. Na bar mata a diddige.

Sai injiniyan gadar, sarkin iyayi, ya ce ruwa zai shiga ta yi tsatsa. Na toshe hujin ana kiran magariba, don wauta.

Kwana uku masu wucewa suna jin bugu daga cikinta. Ran na huɗu da yamma na ɗauki na'urar huda ƙarfe, Yaya ya raka ni.

Gadar ba kowa. Ruwa na gudu a ƙasa. Warin ƙonannen gashi ya tare mu.

Ƙwan. Ƙwan.

"Yi sauri, auta," Yaya ya raɗa mini.

Na durƙusa, na dafa tafinta da hannun dama, hannun da nake ci da iyalina da shi. Ƙarfen da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi.

Yatsunta suka rufe.

Na ji ƙashina ya ce ƙaras. Jini ya gangaro mini har gwiwar hannu. Na yi ihu, na kira sunan Allah, tana ƙara matsewa.

"Buɗe," wata murya ta ce daga cikinta, can ƙasa-ƙasa.

Yaya ya rafka mata guduma a hannu. Gudumar ta dawo ta fasa masa goshi.

"Ba hannun ba, Yaya! Diddigen!"

Ya rarumi na'urar, jini na rufe masa ido. Yana huda diddigen, ana ja na sama. Ƙafafuna suka bar ƙasa. Na hango ruwa ta bayan shingen gadar.

Ƙarfe ya ɓule.

Iska mai zafi ta feso da ƙara kamar fito, ta babbake masa gemu. Na faɗo.

Yatsuna uku ba su faɗo tare da ni ba.

Na bar walda, yanzu gadi nake yi, kuma abin yana ci mini rai. An gwada buɗe hannun nata da wuta, ya ƙi. Injiniya ya ce wai a dunƙule ya fi ma'ana.

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta ta kan gadar. Ta ce an sake toshe hujin, an shafa fenti.