Majaujawar Sallau

Doguwar hanyar ƙarfen da ke kan jirgin ruwan yaƙi Zakin Ruwa ta yi wani gurnani, sai ga kurar ƙarfe ta gwaji, mai nauyin jirgin sama guda, ta fice kamar an mare ta, ta faɗa cikin Tekun Chadi. Sojojin ruwa suka kaure da tafi.

A zamanin nan tafkin ya cika ya batse har ya zama teku, birnin Doron Ruwa kuma ya tsaya a gaɓarsa. Zakin Ruwa na ɗaukar jiragen sama a bayansa, amma filinsa gajere ne, jirgi ba ya samun gudun tashi. Shi ya sa aka ƙera majaujawar maganaɗisu: ta kama ƙafar jirgi ta gaba, ta fizge shi da ƙarfin lantarki, ta wurga shi sama.

Injiniya Maikano bai yi tafi ba. Shi ya fara aikin nan, shi ya yi furfura a kansa, tasa majaujawar tana ƙone wayoyi duk gwaji. Sai ƙanensa Sallau, wanda shi ya koya wa riƙe sufana, ya sa mata ƙwaƙwalwar da ke auna nauyi da iska, ta zaɓi ƙarfin fizga da kanta. Tun daga nan ba ta sake ƙonewa ba, kuma kowa ya koma kiranta Majaujawar Sallau. Maikano yana son ƙanensa, wannan ba ƙarya. Amma duk sa'ad da ya ji sunan nan, sai hassada ta turnuƙe masa ƙirji har abinci ya fita ransa.

Al'adar ma'aikatar ita ce, ranar da za a harba jirgin gaske na farko, mai ƙira ne ke hawa, don kada wani ya ƙera abin da ba zai yarda ya sa wuyansa a ciki ba. Jirgin shi ke tuƙa kansa, kujera ɗaya ce a ciki. Sallau ya hau. Maikano ya zauna a ɗakin sarrafawa, manyan hafsoshi tsaye a bayansa.

“Yaron nan kai gare shi,” in ji wani hafsa. “Injiniya, ai ka huta, na'urarsa ta ɗauke maka aiki.”

Maganar ta yi wa Maikano zafi. Ya miƙa hannu ya kashe ƙwaƙwalwar, ya sa ƙarfin fizga da lissafinsa na da, ya ɗara nata sosai. Yau dai za a ga wanda ya san majaujawa.

Muryar Sallau ta fito ta lasifika, duk ɗakin na ji. “Yaya, na ga an canza lamba.”

“Ni na canza. Akwai matsala ne?”

A gidansu ba a taɓa gyara wa babba magana a gaban baƙi ba, balle a gaban hafsoshi.

“To, Yaya. Bismillah.”

Majaujawa ta yi gurnani. Jirgin ya fice da gudun da ba a taɓa gani ba, ya luluƙa sama, ya zagayo, ya sauka lafiya lau. Hafsoshi suka rufe Maikano da yabo, shi kuwa daɗi ya kama shi, baki har kunne. Sai da aka buɗe murfin jirgin aka ga Sallau bai motsa ba. Fizgar ta karya masa ƙashin baya.

Da kwamitin bincike ya same shi a asibiti, Sallau ya ce shi ya nemi a ƙara ƙarfin. Aka kira abin ganganci, aka cire shi daga aikin. Aka naɗa Maikano shugaba, aka rubuta sunansa da farin fenti a gefen hanyar ƙarfen, manya-manyan baƙaƙe.

Da hantsi ya je asibitin. Ya tarar da Sallau kwance, an ɗaure shi cikin wani kejin ƙarfe daga wuya zuwa ƙugu. Likitoci sun ce birnin da ke wurga jirgi sama bai iya tayar da ƙafafun nan ba.

“Ka san ƙarfin ya yi yawa?” Maikano ya tambaya, bai iya kallonsa ba.

“Na sani, Yaya.”

“To me ya hana ka faɗa?”

Sallau ya juyo da idanunsa, don su kaɗai yake iya juyawa.

“Mutane na ji. Da mu biyu ne, da na gaya maka.”

Maikano ya zauna a bakin gadon. Daga can tashar ruwa aka jiyo majaujawa ta harba wani jirgi, gilashin taga ya girgiza. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo da ruwan wanka, ta ce tana neman wanda zai taya ta ɗaga majinyacin. Shugaban majaujawa ya naɗe hannun riga.