Hannun da Ya Murza Katli

"Kashe injin niƙan nan, Ninad! Na ce ka kashe!" in ji Rupali.

Ya kashe. Kicin ɗin yayarsa Madhuri ya yi tsit, sai kukan hankaka daga kan bishiyar kwakwa.

"Kaɗan-kaɗan ake niƙa kashu. Ka kunna, ka kashe. In ka bar shi yana ta gudu mai zai fitar, ka tashi da tunkuza."

"To taso ki nuna min mana, malama."

"Ka san ba zan taɓa ba."

Rupali na zaune a bakin ƙofa, hannuwanta a kan cinya. Daga kantin maganin da take aiki ta wuto, ko gida ba ta leƙa ba, ƙafafunta sai zogi suke. Tun rasuwar Babanta a farkon damina ba a dafa abin zaƙi a gidansu ba. Haka ake yi, shekarar farko gidan makoki ba ya yin kayan zaƙin bikin Diwali, 'ya'yan gidan ma ba sa sa hannu a na wasu. Dangi ne ke yi a gidajensu su kawo, su sa wa matar mamacin a baki.

Dabarar Madhuri ke nan. Ayi, mahaifiyar Rupali, ta ce kada wanda ya yi mata zancen auren 'yarta sai shekara ta cika. Shi kuwa Ninad jirgin ruwan da yake wa aiki zai tashi da an gama Diwali, kuma mahaifiyarsa ta fara zancen wata yarinya a garin Chiplun. Amma in ya kai kaju katli, wato alewar kashu, da ya yi da hannunsa, Ayi ta karɓa, to ta ɗauke shi dangi ke nan, ko ba ta furta ba.

"Ni fa abin nan bai kwanta min ba," Rupali ta ce a hankali. "Kamar muna ɗana mata tarko da mutuwar Baba."

"Tarko? Rupa, gaisuwa zan kai!"

"Gaisuwar da kake son a biya ka da ni."

Ya ajiye rariyar da ke hannunsa. "To me kike so in yi, masoyiya? In tafi teku in dawo in tarar uwata ta ɗinka min kayan ango? Na ce mata a'a, na sake cewa a'a... na gaji da yi wa tsohuwa musu."

"Ni ma na gaji, Ninad. Da safe kanti, da yamma Ayi da hoton Baba. In na yi dariya sai in ji kamar sata na yi."

Madhuri ta leƙo daga tsakar gida da kwandon shanya a kwankwaso. "Ku bar kukan nan sai an gama, kada ku sa min gishiri a alewa. Kai kuma uban 'yan teku, sukarinka na tafasa!"

"Tai, ki zo ki kama mana," ya ce wa yayar tasa.

"Wa? Ni? Hannunka aka ce." Ta yi gaba abinta.

Ya juya ruwan sukarin. Rupali ta ce ya ɗiga a cokali, ya bari ya huce, ya gwada tsakanin yatsu biyu. Bai jira ya huce ba.

"Wayyo!"

"Zare nawa ya ja?"

"Fata ya ja, ba zare ba!"

Ta kusa dariya. "Zare ɗaya ake so. Zuba garin, ka rage wuta, kada ka daina juyawa."

Ya yi ta juyawa, zufa na bin wuyansa. Ƙamshin ya cika ɗakin, ta kau da kai don shi ne ƙamshin gidansu duk Diwali. Da ƙullun ya fara sakin kasko ta ce ya sauke, ya juye a farantin da aka shafa wa man shanu.

"Yanzu ka cuɗa, tun da zafinsa."

Ya sa hannu, ya fizge da sauri. Yatsun da suka ƙone sun riga sun yi bororo. Ya gwada da hagu, abin ya ƙi. Gefen ƙullun ya fara bushewa yana tsagewa.

"Yi sauri! In ya huce gari zai koma!"

"Ina yi, Rupa... ba ya haɗuwa!"

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ture shi, ta shafa mai a tafinta, ta danna ƙullun, ta naɗe, ta sake dannawa har ya yi sumul. Ta ɗauki sandar murji ta baza shi siriri. Sai da ta gama ta dubi hannuwanta, sun yi ja, suna ƙyallin mai.

Ninad ya ɗauki wuƙa ya yanka a karkace, wani babba wani ƙarami. Fallen azurfar da ya sayo don ado ya bar shi a takardarsa.

"Ba wanda ya gani," ya ce. "Ko Tai ba ta gani ba."

"Ni na gani."

Washegari da hantsi ya zo gidan su Rupali. Duk layin an zana furanni a ƙofofi, ban da tasu. Ayi na zaune a tabarma ƙarƙashin hoton mijinta, goshinta wayam babu jan ɗigon da matan aure ke sawa. Ninad ya sunkuya ya taɓa ƙafafunta, ya ajiye kwanon katlin.

"Kaku," ya kira ta da sunan girmamawa, "ga ɗan abin sa wa a baki."

Ta buɗe, ta daɗe tana kallo. "Na kanti ne?"

"A'a, Kaku. A gida aka yi."

"Wa ya yi?"

"Ni ne na..."

"Shi ya niƙa, shi ya dafa," Rupali ta katse shi daga jikin bango. "Ni na cuɗa, ni na murza. Na taɓa, Ayi."

Ninad ya runtse ido.

"Kin taɓa," Ayi ta maimaita. "Ubanki bai shekara ba."

"Na taɓa. Kuma ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba, kin sani. Ki yi min faɗa in za ki yi... amma ba zan sa miki ƙarya a baki ba."

Ayi ta rufe kwanon. Rupali ta ji ƙarfen ya ce ƙwas, ta san an gama. Abin da ya ba ta mamaki, ba ta ji kuka ba, barci kawai ta ji tana so.

"Tun jiya nake zaune a nan," Ayi ta ce, muryarta a dushe. "Ƙannen ubanki ko ɗaya bai tako ba. Waya suka yi, wai hanya ta yi cunkoso." Ta dubi hannun Ninad da ke naɗe da ƙyalle. "Me ya same ka?"

"Sukari, Kaku."

"Sakarai. Ba a ce ka bari ya huce ba?"

"An ce."

Ta sake buɗe kwanon, ta zaɓi yanka ɗaya. Ta kai shi kusa da bakinta, ta tsaya, ta girgiza kai.

"Ba zan iya ba. Ba don hannunki ba ne, Rupa... maƙogwarona ne bai buɗe ba tukuna. Ni zan cika masa shekararsa, ni na zauna da shi. Ke ba mijinki ne ya mutu ba."

Ta juya ga Ninad. "Matso. Buɗe bakin."

"Kaku..."

"Buɗe, kafin in canza shawara!"

Ta sa masa a baki. Ya tauna, hawaye na zuba a kan gemunsa.

"Ka gaya wa uwarka ta zo kafin jirginka ya tashi. Ba kiɗa, ba taro. Biki sai bayan shekara."

Rupali ta sulale ƙasa ta kifa kanta a cinyar uwarta. Ayi ta ɗora mata hannu a ka, ta ɗaga ido ga hoton, ta bar nata hawayen suna sauka ba ta share ba.