Matacce Ya Zo Aiki Ranar Litinin

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Mutheu zuwa wata gonar furanni a bakin tafkin Naivasha, a ƙasar Kenya. An buɗe ɗakin sanyi, inda ake ajiye wardi kafin a kai filin jirgi, aka tarar da gawar wani ma'aikacin gonar, Mzee Wanyonyi, a zaune bayan ƙofa, ya cusa hannuwansa a hammata.

Sufeto ta tsuguna ta dube shi. Dattijo ne, rigar aikinsa ta koɗe da wanki. Gefensa kwalaye ne a jere, an ɗaure furanni dami-dami, kowane kwali da tambarinsa. Mariƙin ƙofa na ciki ya daɗe da karyewa, har ya yi tsatsa. Ta laluba aljihunsa, ba ta sami katin aiki ba.

Manajan gonar, Mista Gichuki, mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya tambayi kwamfuta. Ya juyo mata da allon yana ji da kansa, yana kiranta Afande, yadda ake girmama 'yan sanda a can.

"Afande, mu nan ba ma aiki da ka. Kowa da katinsa, da shi yake buga shiga da fita. Na'ura tana auna abin da mutum ya ɗaure da lokacin da ya ɗauka. Mai sauri kore, mai nawa ja. Ja kuwa ƙarshen wata sai gida."

"Shi Mzee fa?"

"Da ja ne, kwanan nan ya koma kore. Duba nan: ya buga fita Asabar da azahar. Wanda aka samu ciki bayan ya fita, ai sata ta dawo da shi. Kamfani ba ya ɗaukar nauyin ɓarawo."

"Ɓarawo ne zai tsaya manna wa kwali tambari?"

"Na'ura ba ta ƙarya, Afande."

A rumfar kekuna ta sami 'yar mamacin, Nekesa, ta dafa sirdin keken ubanta, kuka ya ƙi zuwa.

"Wai babana ɓarawo ne," in ji ta. "Maganar har ta riga ni isa unguwa. Mutumin da ko tsintuwa ya yi sai ya kai coci a yi cigiya! Da wane ido zan kai shi garinmu Bungoma a binne?"

"An ce da azahar yake tashi."

"Azahar? Baba ba ya shiga gida sai an kunna fitila. Cewa yake hannunsa ya yi nauyi, dole ya rama."

"Ina katinsa?"

"Na taɓa tambaya. Ya ce yana hannun amana."

Maganar nan ta tsaya wa Sufeto a rai. Ita ma ubanta da aikin hannu ya tsufa, ta san kunyar tsoho in ƙarfinsa ya soma ƙarewa, yara suna wuce shi.

Ta sa aka kira heliman sashen, Langat, wanda mabuɗin ɗakin sanyi yake hannunsa. Ya iso gumi na bin wuyansa, alhali daga ɗakin sanyi ya fito.

"Kai ka rufe ranar Asabar?"

"Ni ne, Afande. Ba kowa a ciki."

"Ka leƙa?"

"Na… da idona na ga Mzee ya fita. Har ya ce min sai Litinin."

"To, taho."

Ta kai shi ofishin manaja. "Mista Gichuki, ka nuna min Asabar. Yanzu nuna min yau."

Ya danna. A kan allo, cikin waɗanda suka buga shiga da safiyar nan, ga sunan Wanyonyi kore shar, daf da sunan Langat, sauran tsofaffin sashen suna biye da shi.

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji Sufeto a hankali. "Ashe matacce ya zo aiki. Langat, zazzage aljihunka."

Katuna suka faɗo a kan tebur, ɗaure da irin robar da ake ɗaure wardi. Na Mzee ne a sama.

Langat ya sulale ƙasa. "Wallahi taimako ne, Afande. Na'ura ta sa su a ja, an kusa korarsu, sashena ma ya soma ja. Na ce su kawo katunan. Da safe in buga musu shiga, da azahar in buga musu fita, su ci gaba da aiki ba a lissafa musu. Sai a ga kamar sun yi sauri. Mzee har kaza ya kawo min."

"Asabar fa?"

"Kullum ina zagayawa in kira su. Ran nan ina sauri, ana bikin ƙanwata. Na duba na'urar ta wayata, ta ce ɗakin ba kowa, na murɗa mabuɗi na tafi. Yau da safe na buga katunan yadda na saba, kafin in buɗe ƙofa." Ya rufe fuska. "Ni na faɗa mata ƙaryar, Afande. Ni kuma na yarda da ita."

Sufeto ba ta ji daɗin da akan ji in an kama mai laifi ba. Ta sa kofur ya saka masa ankwa, sannan ta juya ga manaja. "Kai ma za ka biyo mu. Mariƙin ƙofar nan ya yi tsatsa."

"Ba wanda ya shigar da karyewarsa a na'ura," in ji Gichuki.

Aka fita da Langat ta gaban ma'aikata, ba wanda ya ɗaga kai. Sufeto ta nufi rumfar kekuna, wurin Nekesa.

"Ƙanwata, kai babanki gida da kanki a sama. Ba sata ya yi ba. Aiki yake yi, kyauta, don kada a kore shi."

Sai a lokacin kukan ya zo. Nekesa ta yi ta yi har ta gaji, sannan ta kama keken ta tura shi a ƙasa, ba ta hau ba.

Da Sufeto ta koma ofis ɗaukar katunan, allon na nan a kunne. Sunan Mzee Wanyonyi yana kore, na'ura tana ta ƙirga masa lokacin aiki, don har yanzu ba wanda ya buga masa fita.