Ɓeran da Numfashi Ya Dawo Masa

Sufeto ya sha binciken satar mota da ta gwal, amma bai taɓa zaton za a turo shi neman ɓera ba. Da ya isa ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ya tarar da Farfesa a bakin ƙofa, dattijo mai furfura, idanunsa sun yi ja.

"Ranka ya daɗe, ɓera fa aka ce min," in ji Sufeto. "A gidana akwai su birjik. In kana so in kamo maka kyauta."

Farfesa ko murmushi bai yi ba. "Zo ka gani da idonka, Yallaɓai."

Sai da aka sa masa farar riga da hula da takunkumi, ya wanke hannu har gwiwa, kafin aka bar shi ya tsallake wani jan layi da aka shata a ƙasa.

"Duk wanda ya taɓa dabba a waje ba ya tsallake layin nan sai an ɗau lokaci," in ji Farfesa. "Cuta ɗaya ta shigo, duk sun ƙare."

A ciki kejoji ne na gilashi jere, kowanne da farin ɓera mai ɗinki a wuya. Farfesa ya ce sun yanke rabin lakar wuyansu ne, daidai inda saƙo ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar da ke shimfiɗe ƙarƙashin huhu, wadda ke jawo iska. Sufeto ya sunkuya. Ɓeran da ke gabansa yana haki gajere-gajere, da sauri, gefe ɗaya na cikinsa na motsi, ɗaya gefen shiru kamar ba nasa ba.

"Haka mutum yake in ya karya wuya," in ji Farfesa. "Wani ma sai da na'ura yake rayuwa. Yanzu dubi wanda aka sace. Gagarau muke ce masa."

Ya kunna kwamfuta. A hoton farko, gefen hagu na Gagarau a mace yake. A na gaba ya fara ɗan rawa. A na ƙarshe gefe biyun suna tashi tare, suna sauka tare, cikin natsuwa.

"Kun ɗinke lakar ne?"

"Ba mu ɗinke komai ba. Akwai wata siririyar hanya da ke barci a jiki, ta tsallako daga lafiyayyen gefen ta ƙasan yankan. A jikinsa ta farka gaba ɗaya. Gobe za mu sa shi barcin da ba tashi, mu duba yadda aka yi. In ya mutu a waje, amsar ta tafi da shi."

Sufeto ya ƙura wa hoton ido. Shi da ya girma yana shaƙar iska bai taɓa tambayar ta ina take bi ba. "Allah mai iko," ya faɗa a hankali. Sannan aiki ya dawo masa. Ba a fasa makulli ba, kuma a ƙarƙashin kejin Gagarau da ba kowa akwai wayar lantarki a soke, babu abin da take riƙe da shi.

"Me ke nan da?"

"Shimfiɗar ɗumi. Masu irin wannan rauni sanyi na kama su." Farfesa ya yi turus. "Ita ma an ɗauke."

Sufeto ya ce a ransa, wannan ɓarawon na gida ne, kuma yana da tausayi.

A ƙofar waje, mai gadi ya rantse wa Sufeto ya kuma rantsewa cewa jiya da yamma bai gusa daga ƙofa ba, kuma ya caje jakar kowa.

"Kowa da kowa?"

"Har Farfesa, Yallaɓai!"

"Farfesa ya ce da ya fita kujerarka kawai ya gaisar."

Mai gadi ya sosa ƙeya. Ashe ya tsallaka titi ne kallon ƙwallo a shago. Daga can ya hango wani cikin farar riga ya fito, bai gane fuska ba. Abin da ya lura kawai, mutumin yana tafiya sannu-sannu, ya rungume wani abu da hannu biyu kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa.

Da Sufeto ya koma ciki, sai ya lura da Likita, likitar dabbobin da ke yi wa ɓerayen aiki a wuya. Tun zuwansa tana tsaye a bayan jan layi, tana leƙe ta gilashi. A ciki wani abokin aikinta na ɗaga ɓera, ita kuma yatsunta na motsi kamar za ta gyara masa riƙo.

"Likita, ba ki shiga ba yau."

"Mura nake yi, Yallaɓai."

Bai ji ta ja hanci ko sau ɗaya ba. Ya juya ga Farfesa. "Mai ɗan mura yana shiga?"

"Da takunkumi, yana shiga."

Sufeto ya miƙa mata takunkumi. "Bismillah. Zo ki nuna min yadda ake buɗe keji."

Ta karɓa, ta yi taku ɗaya, takalminta ya tsaya daf da layin. Da ta tsallake, da ba shi da abin kama ta da shi, kuma ta san haka. Amma ƙafarta ta ƙi.

"Kin kwana da dabba a waje," in ji Sufeto a hankali. "Kin yarda a kama ki, ba ki yarda ki cuci sauran ba. Yana da rai?"

Hawaye ya zubo mata. "Yana da rai. Yana gidanmu."

Ɗakin da ta kai shi ƙarami ne, ƙarar na'ura ta cika shi. A kan gado wani dattijo ne kwance, bututu ya shiga maƙogwaronsa. Mahaifinta ne, kafinta, ya faɗo daga rufin gida ya karya wuya. A kan tebur, daidai inda idonsa ke kaiwa, ga Gagarau cikin akwatin gilashi yana goge fuska da hannuwa.

"Ni na ɗauke shi," in ji ta. "Likitocin Baba sun ce da ragowar ƙarfi a ƙirjinsa, a riƙa cire masa na'ura kaɗan-kaɗan ya gwada. Ya ƙi. Ya ce abin da ya yanke ya yanke, a bar shi ya jira ranarsa. Na nuna masa hoto, ya ce ƙaryar kwamfuta ce. Na ce to bari ya gani da idonsa."

Dattijon ya juyo da ido. Maganarsa tana fita ne guntu-guntu, tana jiran na'ura.

"Kai ne... ɗan sandan?"

"Ni ne, Baba. Ya jiki?"

"Tsaya... ka gani. Uwata, cire."

Ta duba ma'aunin iskar jini da ke maƙale a yatsansa, ta zare bututun. Ɗakin ya yi tsit. Ƙirjin dattijon bai motsa ba, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Sufeto ya ji tsoro irin wanda bindiga ba ta taɓa ba shi ba. Can sai ƙasan haƙarƙarin ya ɗan ɗaga, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Iskar kaɗan ce ƙwarai, amma shi ya jawo ta da kansa. Da ta mayar da bututun, Sufeto ya tarar ya cire hularsa bai sani ba.

"Baba, dole in tafi da ita ofis," in ji Sufeto. "Da ɓeran ma."

"Me za a... yi masa?"

Likita ta durƙusa a gefen gadon. "Ba zai rayu ba, Baba. Za a buɗe wuyansa a ga hanyar da numfashin ya bi."

Dattijon ya daɗe yana kallon ɓeran. Hawaye ya gangara ta gefen idonsa zuwa kunne.

"Ku gode masa... kafin nan. Ku kai shi da wuri. Irina... suna da yawa."

Ta kira ƙanwarta ta zauna da mahaifinsu, ta miƙa wa Sufeto hannuwa. Ya dubi ankwa, ya dubi akwatin, ya mayar da ankwar aljihu.

"Ɗauko shi, Likita. Ni ban iya riƙe shi ba."

Ta rungumi akwatin ta yi gaba. Sufeto ya riga ta zuwa mota, ya buɗe mata ƙofa, ya ce wa direba ya tafi a hankali.