Sunan Odile a Jikin Jirgi

Odile na yanka kuɓewar miyar gumbo sai ga mijinta Tuan ya shigo kicin, ya zauna ko takalmin roba bai cire ba. Banki ya hana shi rancen sabon inji. Wai rajistar jiha ta nuna jirginsa na kamun jatan lande jingina ne a hannun Clovis Guidry. Ga lokacin kamu ya ƙarato, jirgi kuwa ba ya ko tari.

Clovis ɗin mahaifinta ne. Ko sisi bai taɓa ranta wa Tuan ba, jinginar ƙarya ya shigar. Tun ranar aure ya rantse yunwa za ta koro masa 'yarsa gida, don shi ba zai haɗa jini da ɗan Biyetnam ba.

Tuan ya ce a bi tsohon a hankali, uba uba ne.

"Kai ka bi shi," in ji ta, tana goge wuƙa. "Ni 'yarsa ce, halinsa na gado."

Tuan ya koma ɗaukar kaya a jiragen mutane, bai taɓa zagin surukinsa ba. Ita kuwa ta kai ƙara. Alƙali ya nemi Clovis ya kawo shaidar bashi, ya rasa, aka soke jinginar nan take, banki kuma ya ba da rancen injin. Lauya ta gaya wa Odile doka ta ba ta damar neman diyya, ƙarya irin wannan ma tana iya kai mutum gidan yari.

Mahaifiyarta ta zo tana kuka. Odile ta ce ba ta son kuɗin mahaifinta, abu ɗaya take so: ya kankare sunanta daga jikin nasa jirgin da hannunsa, ranar da Fada, limamin coci, ke sa wa jirage albarka. Tun ranar haihuwarta jirgin ke ɗauke da sunan nan.

Ranar, gaɓa ta cika maƙil. Tsohon ya durƙusa da ƙarfen kankara, masunta suka sunkuyar da kai. Harafin farko ya zube cikin ruwa. Odile ta tsaya ta harɗe hannu tana jiran daɗi ya zo mata, bai zo ba.

Sai Tuan ya tsallaka cikin jirgin, ya riƙe hannun tsohon.

"Baba, kawo nan, gwiwarka ba ta da lafiya. Fenti zan sa in mayar da harafin, ba kankara ba."

Clovis ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa.

"Injin naka," ya ce da ƙyar, "gobe zan zo mu ɗora shi."

Odile ba ta yi wa uban magana ba sai da kamu ya ƙare, amma fentin ita ta miƙa.

Ku ji, 'ya'yana: doka ta ƙwato musu jirgi, kuma ku nemi haƙƙinku in an yi muku ƙagen bashi. Amma uba kam, haƙurin Tuan ne Allah Ya sa ya dawo mata da shi.