Tutar da Ta Hana Doña Eufemia Tafiya

Da hantsi aka kira Sufeto Wilfrido Padilla zuwa ɗakin taron wata ƙungiyar rawa a unguwar Rebolo. An sace tutar da suke shiga gaba da ita a bikin birnin Barranquilla kowace shekara.

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle kwaɗo ba. Sandar tutar na jingine da bango, an kwance igiyoyinta a tsanake.

"Su wa ke da makulli?"

"Mu uku ne," in ji Hermes, mataimakin shugaba, yana fifita da hularsa. "Ni, da sakatare Don Nicanor, da Doña Eufemia. Ita ta ajiye shugabanci, za ta koma wurin ɗanta a ƙasar Sifen. Wa ya sani, ko tsaraba ta yi da ita."

"Ka zo nan jiya?"

"Ko kusa."

"Mai kankana a bakin ƙofa ta ce ta gan ka."

Hermes ya sosa ƙeya. "To, na zo. Kujerar shugaba na ɗan gwada, shi ke nan. Na bar tuta a inda take."

Sufeto ya sami Doña Eufemia a gida tsakanin akwatuna, tana naɗe siket ɗin rawarta.

"Ɗana, ni na ɗinka tutar nan da hannuna, na yi mata ado da zaren zinari, me zan sata?" ta ce. "Yau ya kamata in miƙa kaya. A dokarmu murabus ba ya tabbata sai shugaba ya miƙa makulli da hatimi da tuta a gaban kwamiti. In ɗaya ya ɓata, yana nan a kujerarsa."

"Ai ba mai hana ki shiga jirgi."

"Na sani. Amma ba zan bar unguwar nan ana cewa a hannuna tuta ta salwanta ba."

"Wa ya san haka za ki ce?"

Ta dubi siket ɗin. "Nicanor. Shi ya tsara dokar. Tun muna matasa shi ne abokin rawata."

Don Nicanor na zaune a kujera mai lilo a ƙofar gidansa, rediyo na kiɗa a hankali.

"Kwana biyu ban fita ba, Yallaɓai. Gwiwa ta hana ni."

Sufeto ya sunkuya, ya ciro zaren zinari daga maɓallin rigar tsohon.

"Wannan fa, Baba?"

Dattijon ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya kashe rediyon.

"Tana ƙarƙashin katifa. Na naɗe ta da kyau. Dokar ta ba wanda ya sauka ikon zuwa taro, da kujera a sahun gaba ranar biki. Don ita na sa wannan. Amma ina amfanin kujera ga wadda ke Sifen? Na ce ko biki ɗaya ta ƙara yi da mu."

"Ka taɓa gaya mata abin da ke ranka?"

"Sau nawa na buɗe baki, sai in ji ina maganar kwamiti."

Sufeto ya ɗauko tutar, bai fito da ankwa ba. "Tashi mu je ofis, Baba."

Don Nicanor ya gyara kwalar rigarsa, ya sa hula. A bakin mota ya tsaya.

"Yallaɓai, don Allah mu bi ta layin su Eufemia. Ba sai ka tsaya ba."