Mita Talatin da Shida

Ranar Laraba hukumar birni ta yi gwanjon injinan ɗan kwangilar da aka fi sani da Mai Tifa: gireda biyu, motar daɓe ɗaya, tifa goma sha ɗaya da tukunyar dafa kwalta. Shi bai halarta ba. A cikin wata biyu ya binne ƙaninsa da babban ɗansa, matarsa kuma tana asibitin masu taɓin hankali. 'Ya ɗaya ta rage masa, Auta, mai shekara goma sha huɗu, kuma saboda ita ya yarda ya yi magana da ni.

Na same shi da hantsi a kan benci, a barandar ofishin rajistar filaye, inda yake zuwa kullum tun kafin a buɗe. Rigarsa mai tsada ce, amma ta yi masa yawa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Sai an san yadda birnin ke biyan kuɗin titi kafin a gane labarinsa. Hukuma ke ɗaukar rabi. Sauran rabin ana raba shi a kan gidajen da ke fuskantar titin, gwargwadon faɗin gaban kowane gida. Safiyo ya zo ya auna, ofis ya fitar da takarda mai suna da mita da kuɗi, a liƙa ta a allo. Daga ranar, ba a sauya sunan mai gida a wannan titi sai an gama aiki an buɗe shi. An yi haka ne don kada masu hali su riƙa zille wa biya. Doka ta kuma hana ɗan kwangila mallakar gida a titin da yake yi.

Shekara bakwai da suka wuce, tifa ɗaya gare shi, tsohuwa, yana kai wa wasu tsakuwa. Sau tara yana neman kwangila ana ba wasu.

"Gajiya na yi," in ji shi. "Kullum ni ne mai sauke tsakuwa, wani ne mai yanke ƙyallen buɗe titi."

Wani mai gyaran taya ne ya kwatanta masa wani wurin neman sa'a. Bayan tsohon ramin da ake fasa dutse akwai ɗakin mai gadi da aka daina amfani da shi. Ya je da tsakar rana. Ɗakin ba taga, an toshe ramukan kwanon da tsumma, don haka sai da idonsa ya saba kafin ya ga abin da ke ciki. A tsakiya akwai rabin ganga cike da wani baƙin ruwa mai kauri, ba wuta a ƙarƙashinta amma tana tururi. A bango an kafa ƙusoshi, kowace ƙusa da makullin gida a rataye, sun fi ɗari. A ƙasa an jera turakun ƙarfe, an ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Wurin yana wari irin na mayanka da yamma. Wani tsoho na zaune a kan buhu yana warware igiya mai ƙulli-ƙulli.

"Ba na karɓar kuɗi," tsohon ya ce masa. "Ni ma ɗan aike ne. Masu ɗakin ke karɓa."

"Me suke karɓa, Baba?"

"Titin nan da kake son yi, wa ke biyansa?"

Mai Tifa ya yi masa bayanin rabi da rabi, da awon gaban gida.

"Tsari mai kyau," in ji tsohon. "Su ma haka za su yi. Kowane titi mutum ɗaya, wanda ya fi kowa faɗin gaba. Ranar da aka buɗe titin zai biya."

"Ya biya da me?"

"Ka tako duk ranar nan don ka yi mini tambayar yara? Rai ko hankali, wanda suka ga dama."

 A lokacin Mai Tifa haya yake a wani lungu da ko amalanke ba ta shiga. Babu ranar da kwalta za ta biyo ta ƙofarsa.

"To wa zai auna? Kada gobe a ce mini igiyarku ta miƙe."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ɗan kwangila ke nan. Faɗi naka ma'aunin."

"Takardar hukuma. Abin da aka liƙa a allo, shi ke nan. Ba ƙari, ba ragi."

"Kai ka zaɓa."

Tsohon ya tsaga masa babban yatsa, ya matse jinin a cikin gangar. Ya tsoma turaku bakwai ɗaya bayan ɗaya, suka fito a bushe. Ya ce a kafa ɗaya a bakin kowane titi kafin safiyo ya iso, a buga shi har ya nutse. Sannan ya karɓi makullin ɗakin hayarsa ya rataye a ƙusa.

Bayan mako uku ya sami titin farko. Ranar da aka buɗe shi, mai wani sito da ke tsakiyar titin ya faɗi a ƙofar sitonsa, bai tashi ba. A titi na biyu wata tsohuwar malamar asibiti ce. A na uku, mai gidan burodi ya fita tsirara, kuma har yau ana ganinsa a bakin tasha. Na duba takardun titunan uku a ofis. Duka ukun su ne suka fi faɗin gaba.

Na tambaye shi ko ya je ta'aziyya.

"Na aika da shinkafa," ya ce.

Kuɗi suka zo. Ya bar lungu, ya gina gida a bayan gari inda titi bai kai ba. Daga nan ya lura da abin da duk ɗan kwangila ya sani: gida yana ninka daraja in kwalta ta biyo ta gabansa, kuma masu ƙaramin ƙarfi, da sun ji za a aza musu kuɗin titi, sukan sayar da araha. Da aka ba shi tituna huɗu a lokaci guda, sai ya shiga saye kafin safiyo ya zo. Tunda doka ta hana shi sa sunansa, ya sa na ƙaninsa a titi na huɗu, na ɗansa a na biyar, na matarsa a na shida, na Auta a na bakwai.

Bai manta da sharaɗin ba. Da hannunsa ya auna kowane gida. Ƙanana kawai ya saya, a warwatse, babu wanda ya wuce mita goma sha huɗu, kuma a kowane titi ya tabbatar akwai wani mai mita talatin ko kusa da haka. Ƙaninsa har tsokanarsa yake yi.

"Yaya, kai da kuɗinka sai sayen akurki? Ga gida mai faɗi can a kwana."

"Sa hannu kawai, sarkin surutu."

A shekarar ce ofishin rajista ya sauya yadda yake rubuta takardar. Maimakon layi ɗaya ga kowane gida, sai aka koma layi ɗaya ga kowane suna, a haɗa duk gidajen mutum wuri guda. Ma'aikaciyar da ke tagar ofishin ta shaida mini dalili: takardar bugawa ce ta yi musu ƙaranci. Mai Tifa bai je ya duba allo ba. A lokacin ya wuce tsayawa gaban allo.

Ranar da aka buɗe titi na huɗu, ƙaninsa yana tsaye a bayan tifar da aka ja wa birki, ta gangaro. Kwana uku bayan haka matar mamacin ta kawo masa wata takarda da aka aiko daga ofis, ta ce, "Yaya, wannan ta mece ce?" Gida uku, mita goma sha biyu-biyu. A ƙasa an rubuta mita talatin da shida.

Ya janye ma'aikatansa daga sauran titunan a ranar. Amma na biyar da na shida saura fenti da fitilu, hukuma ta ƙarasa da nata ma'aikatan, ta kuma kai shi kotu kan saɓa yarjejeniya. Ɗansa ya kwanta da zazzaɓi da safen buɗe titi na biyar, bai kai la'asar ba. Matarsa tana cikin wanke-wanke aka buɗe na shida. Ta ajiye kwano ta fara auna bangon tsakar gida da taku, tana ƙirgawa. Malaman asibiti sun ce har yanzu abin da take yi ke nan, daga bango zuwa bango.

Ya koma ɗakin mai gadin. Tsohon na nan a kan buhunsa.

"Baba, a cire turke na bakwai."

"Je ka ce wa hukuma ta naɗe kwaltarta."

"Yarinya ce. Ba ta ma san tana da gida ba. Su ɗauke ni."

"Sunanka na kan takarda?"

"Doka ta hana."

"To ka ji. Ni igiya na so a yi da ita. Kai ka ce ba ƙari, ba ragi."

Ya haƙa bakin titi na bakwai har ƙugunsa bai ga turken ba, aka ci shi tarar ɓata hanya. Ya roƙi a cire titin daga tsari, mazauna suka ƙi. Wata mai ɗinki da ke zaune a can ta ce mini, "Shekara ashirin muna cikin taɓo, mun kuma biya kasonmu. Wane ne shi?"

Ina zaune tare da shi aka buɗe taga. Ya miƙe a hankali.

"Hajiya, ina kwana. Maganar nan dai."

"Baba, jiya na gaya maka, shekaranjiya na gaya maka. Ba a sauya suna sai an buɗe titi."

"Ba suna ba. A raba layin, kowane gida daban, kamar da."

"Wannan sai kwamiti. Zauna."

Ban ga turke ba, ban kuma sami tsohon ba da na je ɗakin mai gadin. Makullan suna nan a bango. Abin da na iya tabbatarwa shi ne takardu shida da mutum shida. Duk mai shirin zuwa irin wannan ɗaki ya san cewa ba rahusa ake yi a can ba. Mutumin nan ya yarda a kashe wanda bai sani ba don ya sami kwangila, ya ga an kashe biyu an haukata ɗaya bai tsaya ba, sannan kwaɗayin ƙarin riba ya sa ya rubuta sunan iyalinsa da hannunsa. Ba a yaudare shi ko da taku ɗaya ba.

Auta tana gidan gwaggonta, tana zuwa makaranta, ba a gaya mata komai ba. A takardar titi na bakwai tana da mita talatin da tara. In kwamiti ya yarda a raba layin, wanda zai koma na farko wani kafinta ne mai mita ashirin da takwas da 'ya'ya biyar. Na tambayi Mai Tifa ko ya sanar da kafintan. Ya mai da idonsa kan tagar ofis.

An ba wani kamfani aikin titi na bakwai, an kuma sauke tsakuwa tun makon jiya. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Sau biyu ana ɗage zaman saboda mambobi ba su cika ba.